Ɗaukar Hoton Damisa a Gandayen Dajin Indiya: Tambayoyi da Amsoshi

Wace damisa ake magana a kai? Ai mu ma muna da ita a Afirka.

Sunan ne ya zo ɗaya, dabbobin biyu ne. Damisar da Bahaushe ya sani, wadda yake wa kirari da ƙi sabo, ita ce mai rodi-rodi a jiki, mai hawa itace da abin da ta kama. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce babbar damisar Asiya mai ratsi-ratsin baƙi a kan jar fata, wadda wasu ke kira taiga. Babu ita a dajin Afirka ko ɗaya. Ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, domin ƙosasshen namiji yakan haura kilo 200, ya ma ɗara zaki. Ratsin jikin kowace daban yake da na 'yar'uwarta, kamar zanen yatsan ɗan Adam, kuma da shi ma'aikatan daji ke tantance su ɗaya bayan ɗaya. Duk inda na ce damisa a wannan shafi, ita nake nufi. In na zo kan irin tamu zan ce mai rodi-rodi, don ita ma akwai ta a Indiya.

Me ya sa Indiya?

Saboda kusan kashi uku cikin huɗu na damisoshin da suka rage a dajin duniya a can suke. Ƙidayar da gwamnatin ƙasar ta yi a 2022 ta ba da ƙiyasin 3,682, alhali a 2006 an samu 1,411 kacal. Jihar Madhya Pradesh ce kan gaba da 785, sai Karnataka da 563, Uttarakhand da 560, Maharashtra da 444.

Wannan ƙaruwa ba daga sama ta faɗo ba. A 1972 aka kafa dokar kare namun daji, a 1973 kuma gwamnatin Indira Gandhi ta ƙaddamar da shirin ceton damisa da gandaye tara. Yau sun haura 50. An sha faɗi-tashi a hanya: gandun Sariska ya wayi gari ba damisa ko ɗaya wajen 2005 saboda mafarauta, na Panna ya shiga irin wannan hali a 2009, sai da aka kwaso wasu daga gandayen maƙwabta aka sake zuba su. Ina kawo wannan ne don mai kyamara ya san dabbar da zai saita wa gilashi da ƙyar aka ƙwato ta daga ƙarewa.

Wane gandu ya fi dacewa da mai zuwa karo na farko?

In hoto ne babban burinka, zan ce ka fara da Ranthambore ko Bandhavgarh ko Tadoba.

Ranthambore yana jihar Rajasthan, daf da garin Sawai Madhopur, kuma jirgin ƙasan da ke bin layin Delhi zuwa Mumbai yana tsayawa a garin. Dajinsa busasshe ne, itatuwan suna zubar da ganye da rani, don haka ido yana kaiwa nesa. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne tsohuwar ganuwar da ke kan dutse da kufan gine-ginen sarakuna da ke warwatse a bakin tafkunan Padam Talao da Rajbagh. Damisa kwance a ƙofar rusasshen soro, ruwa a gabanta, ba a samun irin wannan hoton a ko'ina. A nan ne shahararriyar damisar nan Machli ta rayu, wadda ta taɓa kashe ƙaton kada a bakin tafki, ta mutu a watan Agustan 2016 tana da shekara kusan 19. Zuriyarta har yanzu tana yankin.

Bandhavgarh yana Madhya Pradesh. Daji ne na dogayen itatuwan sal da duwatsu da fadamu, kuma yankin Tala ne tsohon sashensa da aka fi so. Kanha, a jihar dai, ya fi shi faɗi da kyan gani, filayen ciyawarsa da safe cikin raɓa abin kallo ne, sai dai faɗin nasa yakan sa a daɗe ana nema. Dukansu ta filin jirgin Jabalpur ake zuwa.

Tadoba yana Maharashtra, ta Nagpur ake shiga. Gora ce ta cika shi, ga jar ƙasa, ga zafi mai tsanani da bazara, amma damisoshinsa suna yawan fitowa mashaya.

Corbett da ke Uttarakhand shi ne gandun ƙasa mafi tsufa a Indiya, tun 1936, kuma ya fi kowane yawan damisa. Duk da haka ciyawarsa doguwa ce, dajin ya yi duhu, ganin damisar na da wuya. Je ka can don giwaye da kogin Ramganga da tsuntsaye. Sundarbans kuwa, inda ake yawo cikin jirgin ruwa a tsakanin itatuwan gaɓar teku, ba wurin ɗan koyo ba ne.

Wane lokaci na shekara zan je?

Da damina, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, yawancin gandayen suna rufe tsakiyarsu, wato sashen da aka fi tsarewa domin dabbobi. Ana buɗewa a Oktoba, a rufe a ƙarshen Yuni. Tsakanin nan zaɓi biyu ne, kowanne da ribarsa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu daji kore ne shar, hasken safiya mai laushi, hazo yana kwance a kan ciyawa. Hoto ya fi kyau a lokacin, amma ruwa yana ko'ina, ciyawa ta yi tsayi, damisa ba ta da dalilin fitowa fili. Ga sanyi. Kada ka raina shi don ka saba da hunturun Kano ko Damagaram: a buɗaɗɗiyar mota da asuba a watan Janairu yatsu kan ƙage har su kasa danna maɓalli. Ɗauki safar hannu da hular sanyi da rigar sanyi mai kauri.

Daga Afrilu zuwa Yuni zafi yakan wuce digiri 40, ƙananan kududdufai sun ƙafe, ganye ya zube. Damisa tana son ruwa, takan shiga ta kwanta a ciki har wuya, don haka wanda ya tsaya a mashaya ya yi haƙuri yana da kyakkyawan zato. Haske kuwa yana ƙarfi da wuri, ƙura ta yi yawa. Ni a ganina Maris ya fi daidaita, sanyi ya tafi, zafi bai kankama ba.

Yaya ake samun izinin shiga?

Kowace jiha tana da shafin intanet na hukumar gandun dajinta inda ake sayen izini. Adadin motocin da ke shiga kowane yanki a rana ƙayyadadde ne, kuma yankunan da aka fi so suna ƙarewa tun saura wata uku ko huɗu. Ana rubuta suna da lambar fasfo a izinin, a ƙofa kuma za a duba fasfon na ainihi, ba kwafi ba. Kuskuren lamba ɗaya na iya sa a mayar da kai masauki. Otal-otal ɗin da ke kusa da gandayen suna yi wa baƙi wannan hidima a kan ƙarin kuɗi.

Shiga biyu ake yi a rana: ta safe daga fitowar rana, da ta yamma zuwa faɗuwarta, kowace awa uku zuwa biyar gwargwadon gandu da lokacin shekara. Gandayen Madhya Pradesh ba sa buɗewa ranar Laraba da yamma, tsakiyar Tadoba kuma a rufe take ranar Talata. Ka sa wannan a lissafi kafin ka sayi tikitin jirgi.

Ba dukkan gandun ake yawo a ciki ba. A 2012 Kotun Ƙolin Indiya ta dakatar da yawon buɗe ido a tsakiyar gandayen damisa na 'yan watanni, kuma ƙa'idar da ta biyo baya ta taƙaita shi ga abin da bai wuce kashi 20 cikin 100 na tsakiyar ba. Sauran na dabbobin ne su kaɗai.

Ƙaramar mota ko babba?

Ƙarama, in hali ya yi. Ita ce jif ɗin da ake kira Gypsy, mai ɗaukar mutum shida banda direba da jagora. Babbar, wadda ake kira Canter, tana ɗaukar mutum 20, ta fi araha, amma tana da tsayi, hotonka zai fito kamar daga saman bene aka ɗauka, ga kawunan mutane a gabanka, ga girgiza duk lokacin da wani ya motsa. In kun kai ku uku masu ɗaukar hoto, ku haɗa kuɗi ku kama jif ɗaya ku kaɗai.

Sau nawa zan shiga kafin in ga damisa?

Babu mai yi maka alkawari, wanda ya yi kuma ka yi hattara da shi. Wani yakan gan ta minti goma da shiga, wani ya yi kwana uku bai ga ko wutsiya ba. Shawarata kada ka shirya ƙasa da shiga shida a gandu ɗaya, wato kwana uku cur, kuma ka rarraba su a yankuna biyu ko uku. Gara kwana huɗu a gandu ɗaya da kwana bibbiyu a gandaye biyu, domin hanya tana cin lokaci, jagoran da ya saba da kai kuma ya fi sanin abin da kake nema.

Ta yaya jagora yake gano inda take?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don a nan daɗin tafiyar yake. Da ɗan gari akan ci gari, kuma jagororin nan yawancinsu 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye da gandun ne.

Abu na farko sawu. Damisa tana son tafiya a kan hanyar mota saboda ƙurar tana da laushi a tafinta, don haka da asuba direba yana tuƙi idonsa a ƙasa. Sawun namiji ya fi faɗi, na mace ya ɗan fi tsawo. In sawun ya hau kan shatin tayar motar da ta riga ku wucewa, to yanzun nan ta bi. In taya ce ta taka sawun, labarin jiya ne.

Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne kunne. Dabbobin daji suna tona asirin damisa. Barewar nan mai ɗigo-ɗigon fari, chital, tana sakin wata 'yar siririyar ƙara mai kaifi in ta hango ta. Birin langur da ke saman itace yana yin wani irin tari mai kaushi, yana kallon inda haɗarin yake, sai ka bi idonsa. Ɗawisu ma yana kururuwa, amma shi kowane abu yana firgita shi. Wadda jagorori suka fi yarda da ita ita ce sambar, ƙatuwar barewa mai ruwan ƙasa, wadda ke buga ƙara ɗaya mai nauyi kamar ƙaho tana dukan ƙasa da ƙafa. Ita ba ta cika yin ƙarya ba. In ƙarar tana matsawa daga wuri zuwa wuri, damisa tana tafiya ne, sai direba ya lissafa inda za ta ɓullo a hanya ya je ya kashe mota ya jira. In ƙarar ta tsaya wuri ɗaya sannan ta mutu, ta kwanta ke nan.

Don haka in ka ga direba ya kashe inji ya ɗaga hannu, ka yi shiru ɗif. Minti ashirin na shiru a wurin ba ɓata lokaci ba ne, aikin ke nan. Na taɓa zama a mota kusan awa guda ba abin da ke motsi sai ganye, har wasu motoci biyu suka gaji suka tafi, sai ga ta ta fito daga cikin gora kamar an zana ta, ta tsallaka hanya ba ta ko dube mu ba. Duka abin bai kai minti ɗaya ba, kuma har yau ina jin bugun zuciyata na ranar.

Wace kyamara da wane gilashi zan ɗauka?

Gilashi mai zuƙowa daga milimita 100 zuwa 400, ko 200 zuwa 600 (gwargwadon girman lambar, gwargwadon yadda yake kusanto da abu mai nisa), ya ishe ka yawancin aiki. Mutane suna zaton damisa kullum tana nesa, alhali sau da yawa takan biyo hanya ta wuce ta gefen mota har dogon gilashi ya kasa ɗaukar komai sai kunne. Saboda haka in kana da kyamara ta biyu, ɗaura mata 70 zuwa 200 ka ajiye a cinya. Kada ka canja gilashi a cikin daji, ƙura za ta shige ciki ta ɓata maka hotunan sauran kwanakin. Rufe kayan da zane ko rigar matashi duk lokacin da mota ke gudu.

Sanda mai ƙafa uku ba ta da wurin tsayawa a jif. Abin da ke aiki shi ne 'yar jaka da ka cika da shinkafa ko wake, ka ɗora a ƙarfen motar ka kwantar da gilashin a kai. Zo da ita wayam, ka sayi shinkafar a can. Batir biyu ko uku, katin ajiya fiye da yadda kake zato.

Yaya zan saita ta?

Da asuba a ƙarƙashin itatuwa haske kaɗan ne. Buɗe ƙofar gilashin da haske ke shiga ta cikinta iyakarta, kada ka ji tsoron kai ISO, wato ƙarfin kamun hasken kyamara, zuwa 1600 ko 3200. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana gyara shi a kwamfuta, wanda ya yi dishi-dishi saboda motsi kuwa ya tafi ke nan. Damisa mai tafiya tana buƙatar saurin ɗauka na 1/500 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri, 'ya'ya masu wasa ko tsuntsu mai tashi 1/1000 ko fiye. Sa kyamara a tsarin da ke bin abu mai motsi, ka ɗora saitin a kan ido. In ciyawa ta shiga tsakani, koma kan ɗigon saiti guda ɗaya, in ba haka ba kyamara za ta kama ciyawar ta bar dabbar.

Duba saitinka duk bayan ɗan lokaci yayin da rana ke hawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya bar saitin asuba har hantsi, damisa ta fito fili, farin gashin fuskarta ya ƙone ƙurmus a hoton.

Wani abu kuma: kada ka cika hoton da fuska kaɗai. Hoton fuska ana iya ɗaukarsa a gidan zu. Ja baya ka bar dajin ya shigo, itatuwan sal, hanyar ƙura, barewar da ta ƙame tana kallo.

In damisa ba ta fito ba fa?

To dajin bai zama fanko ba. A Kanha akwai barasingha, barewar fadama mai ƙaho rassa-rassa, wadda ta kusa ƙarewa aka farfaɗo da ita a nan. Akwai gaur, ɓaunar Indiya, baƙa mai fararen ƙafafu kamar ta sa safa. Akwai karnukan daji jajaye da ke farauta a garke, da damisa mai rodi-rodi wadda ganinta ya fi na babbar wuya, da kadoji a tafkunan Ranthambore da Tadoba, da mujiya da gaggafa da ɗawisu yana baza wutsiya gab da damina. Mai son karkanda mai ƙaho ɗaya sai ya nufi Kaziranga a jihar Assam.

Yana ba ni takaici in ga mota ta wuce garken karnukan daji a guje saboda baƙon da ke ciki ya ce shi damisa kawai ya biya kuɗi ya gani. Faɗa wa jagoranka tun a ƙofa cewa kana son tsayawa kan sauran dabbobi, za ka ga ya saki jiki ya nuna maka abubuwan da ba ya nuna wa kowa.

Waɗanne abubuwa aka hana?

Sauka daga mota, sai a wuraren hutu da aka keɓe. Filasha, wato fitilar kyamara. Jirgi marar matuƙi. Ba dabba abinci, shan taba, zubar da leda, kiran dabba da baki ko kunna kukanta a na'ura. Wasu gandaye, Tadoba na cikinsu, sun hana amfani da wayar salula a cikin daji, saboda direbobi suna kiran juna motoci su yi wa damisa ɗaya zobe. Sa tufafi masu launin ƙasa ko kore, ka bar farar shadda da turare a masauki.

Akwai kuma abin da doka ba ta iya gani sai kai da zuciyarka. Kada ka matsa wa direba ya tare mata hanya ko ya ƙara matsawa kusa, kada ka yi masa alkawarin goro in ya karya ƙa'ida. In aka kama shi, shi za a dakatar daga shiga daji, abincin iyalinsa ke nan, kai kuma ka hau jirgi ka koma gida. Uwa mai 'ya'ya, wadda takan yi kusan shekara biyu tana renonsu, in aka dame ta sai ta kwashe su zuwa wurin da bai kai na farko aminci ba.

Akwai haɗari? Motar fa a buɗe take.

Damisoshin yankunan yawon buɗe ido sun taso suna ganin motoci, ba sa ɗaukar mota da mutanen cikinta a matsayin abin farauta. Sharaɗin shi ne ka zauna, kada ka miƙe tsaye ba zato, kada ka leƙo da jiki waje. Waɗanda ke fuskantar haɗarin gaske su ne mazauna ƙauyukan gefen daji masu kiwo da masu itace, waɗanda ke asarar shanu, wani lokaci har da rai. Ka tuna da su in ka zo sallamar jagora da direba.

Me mai tasowa daga Nijeriya ko Nijar zai tanada?

Biza daga ofishin jakadancin Indiya, da katin rigakafin shawara, domin Indiya tana neman sa daga masu zuwa daga ƙasashenmu. Mutanenmu da yawa suna zuwa Delhi neman magani ko karatu, kuma daga can Ranthambore tafiyar 'yan awoyi ce a jirgin ƙasa, sai dai ka tabbatar irin bizar da ke hannunka ta ba ka damar yawon.

Batun salla: motoci suna layi a ƙofa tun kafin gari ya waye, kuma in an shiga ba sauka. Yi Asuba kafin ka bar masauki ko a bakin ƙofa, ka yi Azahar kafin shigar yamma, ka duba lokacin La'asar da kyau domin fitowa takan kai gab da Magariba. Abinci kuwa ba matsala, girkin ganye da wake da shinkafa da gurasa yana ko'ina, in kana shakkar yankan nama.

Zan iya koyon hannu a gida kafin in kashe wannan kuɗi?

Ƙwarai, kuma ina roƙonka ka yi. Yankari a jihar Bauchi yana da giwaye da gwanki da gadu da tsuntsaye, ga gogon biri cike da sansanin Wikki ba ya gudun mutane, ya dace da koyon saita ido a kan dabba mai motsi. Mutanen Nijar suna da raƙuman dawa na yankin Kure, gabas da Yamai. Ko a bayan gari ma, shirwa da balbela da awaki masu tsalle sun isa su koya maka sauya saiti ba tare da ka cire ido daga kyamara ba. Je ka da sassafe cikin hunturu, lokacin da haske ya yi ƙaranci ƙura kuma ta yi yawa, ka ɗora gilashin a kan jakar shinkafa daga tagar mota, ka yi ta ɗauka har yatsunka su haddace maɓallan.